Fim ɗin da Abba ya bari a cikin kyamara

9 ga Janairu

Na ce bari in fara rubuta abun nan tun yanzu kar daga baya in manta yadda aka faro. Wancan satin muna kwashe kayan ɗakin Abba, Allah ya jiƙansa da rahama, sai Umma ta zaro wata jakar fata daga ƙasan akwati ta miƙo min, ta ce ungo, kai ne mai son ɗauke-ɗauke da waya, ga ta ubanka nan. Pentax K1000 ce da lens 50mm f/2, ƙarfe zalla, in ka ɗaga ta hannunka zai san ya ɗau abu. Tun 1976 aka fara ƙera irinta ba a daina ba sai 1997, kuma ɗan batir ɗin da ke ƙarƙashinta na mitar haske ne kaɗai, ko babu shi shota za ta buga.

Wallahi yatsana har ya kai kan abun da ake ja sama bayanta ya buɗe, sai idona ya sauka kan 'yar tagar ƙirgen hotuna, na ga 19. Na ɗan murza mariƙin da ke hagu a hankali sai na ji ya turje, akwai abun da ke riƙe shi daga ciki. Gabana ya faɗi. Fim ne. Abba ya ɗauka ya ajiye bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin abun da ke ciki, har shi kansa.

Na mayar da ita jaka ban ƙara taɓa ta ba.

12 ga Janairu

Wani abokin aikina ya haɗa ni da yayarsa, malamar makaranta ce, ta yi shekaru tana harkar fim, Anti nake ce mata. Ina gama bayani ta ce ƙanina Allah ne ya riƙe hannunka, da ka buɗe da shike nan haske ya cinye. A waya ta riƙa bi da ni ɗaya bayan ɗaya, danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ɗago hannun naɗewa, juya yadda kibiya ta nuna amma a hankali don tsohon fim yana bushewa ya tsinke, kar ka tsaya sai ka ji ya saki. Na yi ta juyawa ina jin bugun zuciyata har na ji wani ɗan ƙas, hannun ya koma sakwa-sakwa. Sannan na buɗe.

Ilford FP4 ne, baƙi da fari. Anti ta ce in duba da kyau ko an rubuta Plus a jikin gwangwanin, na ce babu, ta ce to FP4 Plus a 1990 ya fito, ka ga naka ya girme shi ke nan. Ta ce kuma in gode wa Allah ba Kodachrome ba ne, don shi Kodak ta daina yin sa a 2009, kuma wuri na ƙarshe a duniya da ke wanke shi da launinsa, can jihar Kansas ta Amurka, ya daina a ƙarshen 2010. Baƙi da fari kuwa ko a banɗakin gidanka za ka wanke.

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Na san akwai wuraren da zan iya turawa a wanke min, amma raina bai kwanta wani da bai san mai shi ba ya jefa shi cikin tarin na mutane ba. Don haka ga aikin da na ɗora wa kaina: zan koyi wankin fim da hannuna, sai na wanke guda 10 nawa na kaina sun fito lafiya, sannan in taɓa na Abba. Yanzu yana cikin leda mai zif a firji.

26 ga Janairu

Na sa sabon batir LR44, allurar mita ta motsa, har yanzu da ranta. Abu ɗaya da na gano, mitar ba ta da makunni, muddin murfin lens a buɗe yake tana shan batir, sai ka rufe take hutawa.

Fim na farko HP5 Plus 400, na kai wani wuri aka wanke min tunda ban haɗa kaya ba tukuna. Cikin 36 kusan rabi akwai wani farin zane da ya ratsa daga gefe kamar an watsa musu ruwa. Raina ya ɓaci sosai, na ɗauka kyamarar ce ta mutu. Na tura wa Anti hoton nagetif ɗin, ta ce duba, baƙin ya fita har kan hujojin gefe ko a cikin hoton kawai ya tsaya? Ya fita har gefe. Ta ce to ba shota ba ce, haske ne ke shiga ta ƙofar baya, sosan da ke toshe bakin ƙofar ya tsufa ya narke. Na shafa wajen da yatsa sai ga wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Nan take tunanina ya koma kan fim ɗin Abba, shekara nawa ya yi a bayan wannan ƙofar? Abun da ya ɗan sanyaya min rai shi ne jakar a rufe take a ƙasan akwati duk tsawon lokacin.

8 ga Fabrairu

Yau na fita da su Anti. Suna haɗuwa sau ɗaya a wata, a yi yawo da ƙafa ana ɗauka, in an gaji a zauna a yi ta hira. Mu 9 ne yau. Na zo ina ɗari-ɗari don ni ne sabo kuma kyamarata na yoyon haske na naɗe bayanta da baƙin salatef, amma ko zama ban yi ba wani ɗalibi ya karɓe ta yana juyawa yana cewa ai da irinta aka koya wa rabin duniya hoto. Shi Canon AE-1 ce a wuyansa, ita ma 'yar 1976. Akwai mai Nikon FM2 da ke bugawa har 1/4000 ba tare da batir ba, akwai wata yarinya da sabuwar Pentax 17 wadda ta fito a 2024, mai raba firem biyu, fim mai 36 ya ba ka 72. Ni abun ya burge ni, a ce a wannan zamanin kamfani ya zauna ya ƙera sabuwar kyamarar fim, alhali ana ta cewa fim ya mutu tun lokacin da Kodak ta shiga kotu kan karayar arziki a 2012.

Amma wanda ya tsaya min a rai wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ya yi sama da shekara 30 yana da situdiyo kafin dijital ta zo ta rufe kasuwar. Yashica Mat ce a hannunsa, mai ido biyu, ta sama ake leƙa ta, fim 120 take ci, hoto 12 kacal. Ya bar ni na leƙa, komai ya juye hagu ya koma dama, na matsa nan hoton ya tafi can, yana ta murmushi. Duk yawon da muka yi na awa uku hoto 4 ya ɗauka. Ni na ɗau 22.

Ya ga ina ta kallon allurar mita sai ya sa tafin hannu ya rufe min, ya ce yaro kalli ƙasa, inuwar mutumin can bakinta a yanke yake ko a dishe? Na ce a yanke. Ya ce to sa faɗin ƙofar lens a f/16, fim ɗinka 400 ne, sa gudun shota a 500, buga. In gajimare ya ɗan rufe rana inuwa ta yi laushi ka koma 11, in ta kusa ɓacewa 8, in babu inuwa sam 5.6, kowane mataki ninkin haske ne. Ya ɗauke hannu na duba allura, tana tsakiya cif.

Da muka zauna na ba shi labarin fim ɗin Abba. Ya yi shiru ya ce Allah ya jiƙansa, kar ka yi gaggawa, wanda ya jira shekara talatin da wani abu ba zai gaza jiran wata uku ba. Ɗalibin nan ya kawo labarin Vivian Maier, mai rainon yara a Chicago da aka gano hotunanta a gwanjo a 2007, nagetif sama da 100,000 da ɗaruruwan fim da ba a taɓa wankewa ba, kuma aka wanke da yawa suka fito. Na dawo gida da ƙarfin gwiwa da lambobin waya 8.

15 ga Fabrairu

Mai Nikon ɗin nan ya zo har gida da ragowar soso mai gam a baya. Tsinken sakace, auduga, da ɗan sifirit, muka kankare tsohon tas, awa biyu cur saboda in ɓarɓashi ya faɗa kan labulen shota an shiga wata matsalar. Muka yanka sabo siriri muka cusa. Ya ƙi karɓar komai, ya ce shi ma haka wani ya yi masa.

1 ga Maris

Wanki na farko da hannuna.

Kaya sun haɗu: tankin Paterson, jakar duhu, ma'aunin zafi, ID-11 wato maganin da ke fito da hoto, fiksa mai kafe hoton kar haske ya ɓata shi, da kofunan awo guda uku da na rubuta wa suna da maka don kar in rikita. Kwana huɗu ina koyon ɗura wani lalataccen fim da Anti ta ba ni a kan ril, wato abun da ake naɗa fim a kai a sa cikin tanki, da farko ido buɗe, daga baya ido rufe, har na ga na iya. Amma da na zura hannu biyu cikin jakar duhu da fim na gaske sai labari ya sha bamban. Cikin jakar zafi, hannu ya fara gumi, kuma ril ɗin roba in ya ji danshi ko kaɗan fim ba ya tafiya, ya shiga kamar rabi ya cije. Na ja baya na sake, ya cije. Ba halin in fito da hannu don haske zai bi ta hannun rigar. Na tuna abun da Baba ya ce, in ya ƙi ka jefa shi cikin tanki haka nan ka rufe, ka fito ka sha iska. Haka na yi, na busar da ril ɗin da hannuna, na koma na yanke kusurwoyin bakin fim ɗin da almakashi, sai ga shi yana shiga sumul, kana jin ɗan ƙarar ƙwallayen nan biyu suna kama shi.

Ruwan famfo ya nuna digiri 28, ana son 20, sai da na sa ƙanƙara a roba na tsoma kofunan ina jira. ID-11 rabi ruwa rabi, 150 da 150, minti 13, kowane minti in kifa tankin sau huɗu in ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Na zubar, na tsayar da aikin maganin, sai fiksa 1+4, wato kashi ɗaya magani huɗu ruwa, minti 5. Wajen ɗauraya na bi hanyar Ilford mai tsimin ruwa, cika ka kifa sau 5 ka zubar, sau 10 ka zubar, sau 20 ka zubar.

Da na buɗe murfin na jawo bakin fim ɗin na ɗaga wa fitila, ga hotuna nan reras, ƙanana, sama baƙa, fuskoki a juye, ga Baba da Yashica ɗinsa a firem na 14. Babu zanen haske ko ɗaya. Na daɗe tsaye a banɗaki ruwa na ɗiga a gwiwar hannuna. Akwai wata 'yar alama kamar jinjirin wata a firem biyu inda na lanƙwasa shi lokacin kokawar nan, amma na ƙirga shi na 1.

9 ga Maris

Na biyu ya fito fari tas, ba komai. Sati guda ina ɗauka, har da hotunan 'yar yayana ranar da ta fara tafiya, abun ya yi min ciwo ƙwarai. Na kira Baba, ya ce karanta min gefen fim ɗin. Na ce an rubuta ILFORD HP5 PLUS da lambobi, baƙi sosai. Ya ce to wankinka lafiya lau, waɗannan rubutun tun daga kamfani aka haska su, da fiksa ka fara zubawa da su ma ba za su fito ba. Fim ɗin ne bai kama ba tun wajen sawa, kana ta ja yana zaune cikin gwangwaninsa. Daga yau duk ja ɗaya ka kalli mariƙin hagu, in bai juya ba fim ba ya tafiya.

Wannan ba ya cikin lissafi.

6 ga Afrilu

An kai 6. Na koma wanki da asuba lokacin ruwa bai ɗau zafi ba, kuma ina sakin ruwan zafi a banɗakin na ɗan lokaci kafin in rataye fim, tururin na kwantar da ƙura. Yanzu fim ɗaya yana yi min kwana goma, kuma na fara riƙe ɗan littafi ina rubuta f nawa, gudu nawa, yanayin rana. A haɗuwar wannan watan ni na nuna wa wani sabon zuwa yadda ake sa fim, na ce masa ya kalli mariƙin hagu.

20 ga Afrilu

Baba ya gayyace mu mu huɗu ɗakin duhunsa. Ashe bai taɓa rabuwa da inlajarsa ba, na'urar da ke haska nagetif a kan takarda a buga hoto, tana nan a wani ɗan ɗaki a lulluɓe da zani. Ya kashe fitila ya kunna ja, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa ana jin warin fiksa. Ya sa nagetif ɗina na firem 14, ya yanki siririyar takarda ya riƙa rufe ta da kwali yana buɗewa daƙiƙa biyu-biyu, don a ga inda hasken ya yi daidai. Muka zaɓi 10. Da ya zo bugun gaske sai na ga hannunsa na rawa a ƙarƙashin hasken, yana tare wajen fuska na 'yan daƙiƙu, sannan ya dunƙule hannu biyu ya bar 'yar kafa ya ƙara wa sama. Ya ce duk abun da kuke yi a waya da yatsa, nan aka samo shi.

Ya miƙo min takardar fara fat ya ce tsoma. Na tsoma ina ɗan girgiza tiren, daƙiƙa goma ba komai, sai baƙin hular ya fara tasowa, sai idanu, sai igiyar kyamara, cikin minti ɗaya ga mutum. Na sha ganin wannan a bidiyo amma wallahi ba ɗaya ba ne da takardar na hannunka. Ni a ganina duk wanda ke ɗaukar fim yana tsayawa a sikanin kawai, ya nemi ko sau ɗaya ne ya shiga ɗakin duhu.

11 ga Mayu

Na 10 ya bushe ranar Laraba. Jiya na fito da na Abba daga firji na bar shi cikin ledarsa ya kwana a waje don kar raɓa ta kama shi. Yau a ɗakin Baba muka yi, Anti ma ta zo.

Baba ya ce ba da ID-11 za mu yi ba, tsohon fim yana tara hazo, gaba ɗayansa ya yi toka-toka ko inda haske bai taɓa ba, don haka wani maganin, HC-110, za mu sa, 1+31, kuma ruwan ya ɗan fi sanyi, duka don a rage hazon. Dabarar da ta fi burge ni, tunda Abba a 19 ya tsaya, kusan rabin fim ɗin na ƙarshe ba komai a kai, sai muka yanki gutsure biyu daga can cikin duhu muka gwada lokaci daban-daban muka ga yadda hazon ke tashi. Muka tsaya a minti 9, digiri 18.

Ɗura shi a ril sai da ya ci min kusan minti ashirin. Ya nannaɗe ya yi tauri kamar waya, kana sakinsa yana komawa. Ina ji Baba na numfashi a gefena cikin duhu bai ce uffan ba, bai kuma miƙo hannu ba. Da ya shiga na rufe tanki na ce a kunna, sai a lokacin ya ce madalla.

Minti taran nan ba wanda ya yi magana in ban da Anti da ke kiran lokaci. Bayan fiksa na kasa buɗewa, na riƙe murfin kawai. Baba ya ce buɗe mana, ai kai ya bar wa.

Akwai hotuna. Fim ɗin ya yi duhu da hazo, uku na ƙarshe waɗanda suka zauna daidai bayan ƙofa sun tafi, wasu sun dushe, amma 11 ana ganinsu sarai.

18 ga Mayu

Mun buga yau, da tace mai lamba 4 don a ɗago bambancin baƙi da fari tunda hazo ya danne shi.

Biyar na farko sun ɗaure min kai. Kujera ɗaya ce a bakin taga, kujerar dai, ba kowa a kai, sau biyar. Na ce Baba ko kyamarar ce ta riƙa bugawa da kanta? Ya jera nagetif ɗin a kan fitila ya ce kalli da kyau, wannan ya fi wannan kauri, wannan ya fi na gabansa, mataki ɗaya-ɗaya. Mahaifinka gwajin haske yake yi, koyo yake. Na tuna ɗan littafina da ke aljihu, shafin farko kofi ne a kan tebur sau huɗu. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Akwai Umma tana matashiya riƙe da jariri, ta kauda kai tana dariya, hoton ya ɗan girgiza. Akwai guda biyu na wata bishiya. Sai wanda ke firem na 12, maza huɗu a tsaye jikin wata mota, uku da kyamara a wuya, ɗaya ya ɗaga tasa yana ɗaukar Abba lokacin da Abba ke ɗaukarsu.

Da daddare na kai wa Umma. Ta sa tabarau ta riƙe na jaririn ta daɗe, ta ce wannan Yayanku ne, ko wata uku bai yi ba, ta ce ita ba ta ma san an ɗauka ba. Da ta zo kan na mazan nan ta ce au, 'yan yawon hoto, ai duk ƙarshen wata sai sun zo sun ɗauke shi tun safe, ba ya dawowa sai yamma. Ban taɓa jin wannan ba tunda nake. Biyu ta ce sun rasu, ɗaya ba ta tuna shi ba, amma mai ɗaga kyamarar nan ta ce tana jin yana raye, kuma Kawu zai san inda yake.

In yana nan, kuma in ya adana nagetif ɗinsa, to akwai hoton Abba riƙe da wannan kyamarar a daidai wannan daƙiƙar. Na buga na 12 kwafi biyu, daƙiƙa 18 a f/8, na ƙara wa gefen dama 6. Gobe bayan an tashi aiki zan kira Kawu.